Gwajin Hannun Yaya Lammie

Lahadin farko ta kowane wata muke zuwa ƙauye gaishe da Baba, daga ƙarfe uku zuwa biyar, haka yake a rubuce cikin littafin alƙawuran kowannenmu. A irin wannan Lahadin ce, cikin Oktoba, yayarmu Lammie tana zuba mana gahawa sai bakin butar ya kauce, ruwan ya bi ta kan yatsunta da ke riƙe da kofin, yana tururi. Ko motsi ba ta yi ba. Sai da ta ga ya ɗiga a kan mayafin tebur sannan ta ce, "Af!"

Ineke, matar ƙanenmu Harm, ta zabura. "Ruwan sanyi! Maza, kafin ya kama yadin!"

Aka ceci yadin.

Na ce, "Yaya, ba ki ƙone ba?"

Ta juya hannun tana dubansa kamar na aro. "Da alama dai na ƙone. Waɗannan yatsu ukun ba na jin su tun watan Mayu. Na ɗaya hannun ma sun fara."

Baba ya ɗago daga kujerarsa ta bakin taga. "Sanyi ne. Uwarku ma ta yi, har ta mutu ba ta ga likita a kai ba. Ke yarinyar nan, ki riƙa sa safar hannu."

Yarinyar nan shekarunta hamsin da tara.

"Kin gwada farasitamol?" in ji Harm, yana miƙa hannu ga biskit ɗinsa.

Ni ne ya kamata in yi magana a nan, don ni ne masanin gidan. Shekara ashirin da biyu ke nan ina zagaya ma'aikatu ina koya wa mutane yadda ake ɗaga kwali: ka lanƙwasa gwiwa, ka miƙe baya, kada ka wuce kilo ashirin da uku kai kaɗai. Har da hotuna nake nunawa. Nauyin Baba kilo casa'in da huɗu ne, ƙafafunsa kuma sun daina ɗaukarsa shekara biyu da suka wuce. Yaya ce ke cicciɓarsa daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa banɗaki, daga banɗaki zuwa kujera, sau shida ko bakwai a yini. Na san lissafin sarai. Sai na kurɓi gahawata na ce, "Ya kamata dai a duba."

Ba wai babu abin ɗaga shi ba ne. Ƙaramar hukuma ta kawo mana na'ura sabuwa fil, mai ƙafa da taya da majanyin da ake zura wa mutum ta ƙarƙashi, ta ɗaga shi cak. Tana nan a baranda, muna rataye rigunan sanyi a kanta. Baba ya yi shekara arba'in yana kiwon shanun tatsa a nan lardinmu na Drenthe, ya san majanyi tun kafin a haife mu.

"Duk saniyar da ta kwanta na zura mata wannan abin na ɗaga ta da tarakta, cikin mako mahauci ya zo," in ji shi ranar da aka kawo na'urar. "Ni ba saniya ba ne. Ku fitar min da ita daga ɗaki."

Ma'aikatan jinya masu zuwa gida suka ce dokar aikinsu ba ta yarda su ɗaga shi da hannu ba. Gaskiyarsu, irin dokar da nake ci da ita ce. Mu kuma muka yi taron iyali, kowa ya faɗi ra'ayinsa bi da bi, Ineke ta rubuta abin da aka yanke: Baba babban mutum ne mai cikakken hankali, dole a girmama zaɓinsa. Yaya ma an tambaye ta. Tana wanke kofuna lokacin, ta ce daga kicin, "Duk yadda kuka gani."

Likitan unguwa ya duba hannun, ya ce yana zaton jijiya ce ta matse a wuyan hannu, amma sai an auna da lantarki a asibitin birni kafin a san zurfin abin. Takarda ta zo: Talata, sha huɗu ga Janairu, goma da minti ashirin. Tafiyar bas biyu ce zuwa, biyu dawowa, don haka sai wani ya zauna da Baba rabin yini.

Muka buɗe littattafanmu a kan tebur.

"Kash," in ji Harm. "Talata? Ina da wani manomi a garin Emmen da zai zo ganin injin yankan ciyawa. Wata uku ina lallashinsa."

"Talata ranar jikata ce," in ji Ineke. "Da Alhamis ce ma. A'a, Alhamis ninƙaya."

Suka juyo gare ni. Na duba shafin, na ji kunya kaɗan, ba mai yawa ba. Ina da lacca a wata masana'antar cuku. Takenta: Bayanka Ɗaya Ne, Ka Kula da Shi.

"Ba komai," in ji Yaya. "Zan buga in ce su ɗaga."

Aka ɗaga zuwa Maris. Harm da Ineke sun riga sun kama ɗakin hutu a kan duwatsun Austria tun bara, wannan kowa ya san ba abin taɓawa ba ne. Ni na karɓi zaman da Baba. Da biro na rubuta, ba da fensir ba, har na ja layi biyu a ƙasa. Saura kwana biyu shugabana ya mayar da wani taro ranar. Da na ce ina da uzuri na gida, da ya ce to. Ban ce ba. Na buga wa Yaya.

"Yaya, kin dai san yadda aiki yake."

"Na sani, Roelof."

"Ba za ki ji haushi ba?"

"Bari in je, Baba na kira."

Abin da babu wanda ya karanta a cikinmu, ƙasan takardar an rubuta cewa wanda ya ɗaga sau biyu sai ya koma wurin likitan unguwa ya karɓo sabuwar takarda, ya bi layi daga baya. Ita Yaya ta karanta. Ba ta faɗa mana ba sai da Ineke ta tambaya a watan Mayu, "Wai ina maganar gwajin nan naki?"

Wata-wata nake zuwa, don haka a tsalle-tsalle na riƙa ganin abin, kamar mai duba hotuna. A Afrilu na tarar ta yanke gashinta gajere. Ineke ta ce ya yi mata kyau, ya rage mata shekaru. Sai daga baya na gane ɗaure shi ne ya gagare ta. A Mayu na ga takalman Baba sun koma marasa igiya. A Yuni na shiga kicin na same ta tana feraye dankali, ta danne shi a jikin katako da wuyan hannunta, wuƙar tana zamewa. Baba ba ya cin dankalin kanti da aka riga aka feraye, wai ɗanɗanon roba yake yi, kuma ƙarfe sha biyu daidai yake son shi a kan tebur.

"Kawo in taya ki," na ce.

"Bar shi, za ka ɓata rigarka."

Na bar shi. Rigar sabuwa ce.

Shekara talatin Yaya ke kaɗa ogan, babban abin kiɗan nan mai kama da fiyano, a cocin ƙauyen, Lahadi ɗaya ita, Lahadi ɗaya wani tsohon malamin makaranta. Bayan bikin Ista ta mayar musu da makullin. "Ai dama ta gaji da shi," in ji Ineke a mota. "Mutum ya riƙa sanin lokacin da zai ajiye abu." Harm ya ce shi ma yana tunanin barin wasan tanis.

Ɗaga Baba kuwa ba a ajiye shi ba. Ta sauya dabara ne kawai. Tunda yatsun ba sa riƙo, sai ta zura damatsanta ta ƙarƙashin hammatarsa, ta manna kanta a ƙirjinsa, ta ce, "Ɗaya, biyu," ta ja. In ta sauke shi sai ta tsaya tana yarfe hannuwan kamar mai kakkaɓe ruwa.

"Kin fara sanyin jiki," in ji Baba wata rana a gabana. Ya dube ni. "Kai kuma malam akawu, ka matsa mana, kana tare hanya."

Na matsa. Ina daga cikin mutanen da suka iya matsawa.

A watan Yuli ne masifa ta same ni. Na dawo daga doguwar tafiya a kan keke da abokaina, sai na ji ƙaramin yatsana na dama yana ɗan tsikari. Kwana biyu bai daina ba. Na je wurin likitana, na yi masa magana da kalmomin da suka dace, na ambaci aikina sau biyu. Cikin mako uku ina kwance a kan gadon gwaji, na ɗauki hutun yini guda cur.

Suka manna mini wasu 'yan faifai a hannu, suka auna da zaren awo, sannan aka ɗora wani abu mai baki biyu a kan jijiyar aka saki lantarki. Na yi tsalle har sai da takalmina ya bugi ƙarfen gadon. "Wannan shi ne mafi ƙanƙanta," in ji ma'aikacin. Sai likita ya zo da siririyar allura ya soka cikin tsokar hannun, ya ce in saki jiki. Na'urar ta yi tsit. Ya ce haka lafiyayyar tsoka take, in tana hutawa ba ta magana. Ya ce in matse. Nan take lasifikar ta ɓarke da ƙara kamar an zuba ɗanyen dankali a mai. Sakamako: lafiyata lau. In sayi safar hannu mai kauri ta hawan keke.

Da yamma Yaya ta bugo. Muryarta daga nesa take fitowa, don a kan tebur take ajiye wayar yanzu.

"Ya aka yi? Da ciwo?"

Na kwashe komai na faɗa mata, lantarkin, allurar, har da tsallen. Na ce ta shirya, abin ba wasa ba ne.

"Sannu," ta ce. "Ka yi ƙoƙari."

Sabuwar ranarta ta faɗo a Fabrairun baɗi. Da haka za a tafi, ba don a farkon Nuwamba Baba ya suɓuce mata a banɗaki ba. Ya zame daga damatsanta ya faɗi tsakanin bango da masai, ya kwanta nan minti arba'in kafin ta samo maƙwabci. Ƙashi bai karye ba, amma kwankwasonsa ya yi baƙi ƙirin.

Washegari, ranar Laraba, ba Lahadi ba, dukkanmu muna gidan. Ban san inda filin ya fito ba a cikin littattafanmu, ga shi dai ya fito.

"Yaya, ni zan faɗi gaskiya, kin san ba na ɓoye-ɓoye," in ji Harm. "Wannan sakaci ne. Hannun nan tun yaushe ake ce miki ki je a duba? Yanzu da tsohon nan ya fasa kai fa?"

"Mutum sai ya fara kula da kansa kafin ya iya kula da wani," in ji Ineke a hankali, ta dafa mata kafaɗa. "A wata mujalla na karanta."

Yaya ta dubi Harm, ta dubi Ineke, ta dube ni. Ni kuma na ga wani abu mai ban sha'awa a jikin kofina.

Harm ya buga asibiti da muryarsa ta sayar da tarakta, aka samu gurbin wani da ya fasa zuwa, mako mai kamawa. Ineke ta yarda ta zauna da Baba, da sharaɗin kada a ba shi gahawa da safe don kada ya nemi banɗaki. Ni na tuƙa.

A ɗakin gwajin hannuwan Yaya sun yi sanyi, don haka ma'aikaciyar ta ce sai an ɗumama su tukuna, in ba haka ba awon zai yi ƙarya. Ta kawo roba da ruwan ɗumi. Yaya ta tsoma hannuwa, ta jingina da kujera, ta lumshe ido.

"Minti nawa?" ta tambaya.

"Goma."

"Ki mai da shi ashirin mana."

Aka manna faifan, aka auna, aka ɗora abin mai baki biyu a wuyan hannun dama. Ina zaune a kusurwa riƙe da jakarta, na haɗe haƙora a madadinta. Ma'aikaciyar ta danna. Ta murɗa, ta sake dannawa. Ta sake murɗawa. Layin da ke kan allon ya wuce a miƙe, ko tudu bai yi ba. Babban yatsan yana kwance abinsa.

"Ina jin bugun a nan," in ji Yaya, tana nuna wuyan hannun da haɓarta. "Yatsan ne ba ya ji."

Ma'aikaciyar ba ta yi dariya ba. Ta fita ta kira likita.

Dakta Veldkamp mace ce mai furfura, ba ta ɓata kalma. Ta ɗauki hannun ta juya tafin sama, ta shafa gindin babban yatsa, inda kowa ke da tudun nama. Na Yaya ya lotsa, ya zama kwari. Wata goma sha uku ina karɓar kofi daga hannun nan, ban taɓa ganin ramin ba sai ranar.

Ta soka allurar. "Saki jiki."

Lasifikar ta fara ɗas, ɗas, ɗas, a jere, kamar ruwa na ɗiga daga indararo. Na tuna abin da aka gaya mini game da tsoka mai hutawa, na ji jakar ta yi mini nauyi a cinya.

"Yanzu ɗaga yatsan sama. Da ƙarfi. Iya ƙarfinki."

Jijiyar wuyan Yaya ta miƙe, fuskarta ta yi ja. Na'urar ta ce tas. Can ta sake cewa tas. Shi ke nan.

Na hagun ya ɗan fi, amma ba abin a yi murna ba ne.

"Tun yaushe?" in ji likitar.

"Shekara ɗaya da rabi."

"Wane aiki kike yi?"

"Ba na aiki. Ina gida ne da mahaifinmu."

"Yana tafiya da kansa?"

"A'a."

"Wa ke ɗaga shi?"

Likitar ta juyo ta dube ni ta saman tabarau. "Kai ne mijin?"

"Ƙaninta ne."

"Kai kuma me kake yi?"

Da ma na ce direba ne. Da ma na ce ina sayar da kifi. Amma mu mutane ne masu faɗin gaskiya, don haka na faɗa mata, har da sunan sashen. Ta dube ni na kamar daƙiƙa uku, sannan ta mayar da idonta kan takarda.

Ta yi wa Yaya bayani dalla-dalla. Jijiyar ta daɗe a matse har wani sashe nata ya mutu, tsokar da take ciyarwa ta shanye. Za a yi tiyata a buɗe mata hanya, hannu ɗaya bayan ɗaya, kowanne mako shida ba ɗaukar kaya. Zugin zai ragu. Na hagu akwai fatan ya farfaɗo. Ƙarfin babban yatsan dama kuwa kada ta sa rai.

"Da a Janairu na zo fa?" in ji Yaya.

"Da wata maganar muke yi."

A mota na shirya jawabi mai kyau, na neman gafara, har da wurin da zan ɗan dakata. Kafin in buɗe baki ta ce, "Ka tsaya a kanti, madarar Baba ta ƙare."

Tunda Yaya ba za ta ɗaga ba, sai aka yi jadawali, ni da Harm. Ranar farko Harm ya ɗaga Baba sau shida, ya koma gida ya kwanta a ƙasa. Rana ta biyu tawa ce. Na lanƙwasa gwiwa, na miƙe baya, na yi komai kamar yadda yake a hotunana. A ɗagawa ta huɗu wani abu ya ce ƙas a ƙuguna, muka tsaya rungume da juna ni da Baba a tsakiyar ɗaki, ba mai iya sakin wani.

"Wannan shi ne abin da ake biyanka ka koyar?" in ji shi a kunnena.

Rana ta uku Harm ya aiko da saƙo cewa likitansa ya hana shi. Rana ta huɗu muka yi taron iyali. Kowa ya faɗi ra'ayinsa bi da bi, Ineke ta rubuta: ana girmama zaɓin Baba matuƙa, amma lafiyar masu kula da shi ita ma abin dubawa ce. Aka kwashe rigunan sanyi daga kan na'urar. Baba ya yi kwana biyu yana zagin ma'aikatan jinya da duk wanda ya ƙera majanyi. A rana ta uku ya ce wa mai jinyar ta ƙara ɗaga shi sama kaɗan, yana so ya hango ko maƙwabci ya nome gonarsa ta bayan shinge.

Kwana huɗu abin ya ɗauka. Ba wanda ya taɓa ɗaga wa Yaya murya a gidanmu, balle hannu. In wani ya nemi hujja, ga takardun taro nan a jakar Ineke, kowanne da kwanan wata, kuma a cikin kowanne an rubuta cewa an ji ra'ayin kowa.

An yi tiyatar biyu. A Afrilu Yaya ta cika sittin da ɗaya. Kamar yadda al'adarmu take ranar haihuwa, muka jera kujeru a da'ira a falo, kowa ya shigo ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana miƙa hannu: barka da ranar yayarka, barka da ranar 'yarka, barka da ranar maƙwabciyarku. Mai ranar ce ke raba kek, don haka ta zagaya da faranti a kan damtsenta, ɗaya-ɗaya. Da kowa ya samu, Ineke ta tashi ta ɗauko kyautarmu ta haɗin gwiwa: injin buɗe kwalba da gwangwani mai aiki da batir, wanda aka yi musamman don masu raunin hannu. Ni na zaɓo shi, na karanta sharhin masu saye har arba'in. Ineke ta naɗe shi da takarda mai furanni, ta ɗaure da jan zare, ƙulli biyu, ta murɗe bakin zaren ya yi kyau.

Kyauta a gaban mai bayarwa ake buɗe ta, nan take. Muka zuba mata ido muna murmushi.

Yaya ta ɗora kwalin a cinya. Ta kai babban yatsa da manuni kan ƙullin, suka ƙi haɗuwa. Ta gwada da na hagu, zaren ya zame. Ta danne kwalin da wuyan hannu, ta sa farce, ya sake zamewa. Cokali mai yatsa na wani ya yi ƙara a kan faranti. Ba wanda ya tashi, don ba ta nemi taimako ba, a wurinmu kuwa taimakon babban mutum da bai nema ba raini ne.

Ta ɗago ta bi mu da kallo, da'irar gaba ɗaya. Sannan ta tallabi kwalin da damatsanta biyu, ta miƙe, ta ajiye shi a kan ƙaramin teburin da ke tsakiya.

"To, ku buɗe mana," ta ce. "Ku ne masu hannu."

Ta koma ta zauna, ta ɗauki kek ɗinta. Harm ya dube ni, na dubi Ineke, Ineke ta dubi Harm, kowa yana jiran ya ga wanda zai fara tashi.